Shekari da Garin Kunun Jarirai

Ran da Shekari ya dawo Samaru daga Fatakwal, akwati ɗaya ya shigo da shi da baki guda, kuma bakin ya fi akwatin kaya. Ya sauka gidan yayarsa Susanna a Hayin Dogo, aka share masa ɗakin da ake ajiye buhunan masara, aka ce ya huta kwana biyu. Kwana biyun suka yi aure, suka haihu, har suka ga jikoki.

Abin da ya gaya wa unguwa shi ne ya yi shekaru yana aiki a kamfanin da ke yin abincin jarirai na gwangwani. Wannan gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne aikin nasa bai wuce ɗaga sandar bakin ƙofa in mota za ta shiga, ya sauke in ta wuce ba. Amma a ganinsa wanda ya daɗe yana shaƙar ƙamshin abu ta bayan katanga, ba za a ce bai san abin ba.

A jikin gidan akwai wani ɗan shago da ke kallon titi, a kulle. Shekari ya ɗora ido a kansa tun ranar farko. Matsalar ita ce Japheth, mijin Susanna, malamin makaranta kuma dattijo a coci, ya kusa ba Ejiofor mai gyaran waya mabuɗin. Shi kuwa Shekari, Japheth ya riga ya nema masa gurbi a wata gona wajen Shika, inda ake neman mai cire ciyawa.

Wata safiya Susanna tana zaune tana ba 'yarta Diana kunu. Yarinyar ta isa fara cin abinci, gwangwanin madara kuwa ya yi tsadar da sai dai a gaishe shi daga nesa. Shekari ya fito yana miƙa, ya leƙa kofin.

"Yaya, me nake gani haka? Kunun gero zalla? Haka za ki renar mini 'ya, ta tashi ba ta iya lissafi ba?"

"Da shi aka rene ka."

"Shi ya sa na sha wahala kafin na waye."

Japheth yana ɗaure takalmi, bai ɗago ba ya ce, "Ashe an gama wayewar. Ba a sanar da mu ba."

Shekari ya gyara tsayuwa. Ya ce abin da ke cikin gwangwanin nan ba asiri ba ne, gero ne da dawa da waken suya da gyaɗa, sai ilimi, ilimin kuwa yana cikin kansa. A ba shi shagon kawai. Kafin shekara ta zagayo, babu jaririn da zai buɗe baki daga Samaru har Jushi sai da garin Shekari a ciki.

"Baban Diana, ka bar shi ya gwada mana," in ji Susanna, don jini ba ya ƙarya.

Japheth ya miƙe ya ɗauki jakarsa. "To. Ranar taron zumuntar mata ka kai garinka coci, ka dama a gabansu. In iyaye mata suka yarda, Diana ta sha, mabuɗi naka ne. In ba haka ba, Ejiofor ya shiga shago, kai ka shiga gona."

"Oga, ka fara yi wa Ejiofor ta'aziyya."

"Fartanyar tana bayan ƙofa, in kana so ku fara sabawa."

Kafin Shekari ya sayi ƙwayar gero ɗaya, sai da ya tanadi kayan aiki. Ya ari farar rigar ɗakin gwaji wurin wani ɗalibin jami'a, ya samo safar hannu da takunkumin hanci, ya sa aka buga masa takardun mannawa masu hoton wani jariri mai kumatu kamar an hura. Daga nan ya ce kada wanda ya ƙara kiransa Shekari a lokacin aiki, Manaja ne.

Suyar wake aka fara. Kaskon Susanna ya yi masa ƙanƙanta, don haka ya aro babban kaskon Maman Tomiwa mai ƙosai a bakin layi. Ta ce ya rage wuta, ya yi ta juyawa. Ya ce mata a kamfani ba a juyawa, zafi ake aunawa. Ya zuba wake, ya cika murhu da itace, ya koma gefe yana yi wa maƙwabta bayanin yadda Turawa ke shayar da 'ya'yansu. Yana tsakiyar ƙasar Jamus hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida.

Maman Tomiwa ta leƙo ta katanga tana kaɗa hannu a gaban hanci. "Manaja, gawayi ma jarirai za su ci?"

"Rukunin gwaji ne wannan, Mama. Kowane kamfani yana yi."

"To kamfani ya kankare mini kaskona kafin la'asar."

Ya wuni yana kankara da dutse. Ya sake sayen wake, wannan karon Susanna ta soya yana tsaye a kanta yana ba da umarni, ita kuma tana yin akasin duk abin da ya ce.

Sai batun gero. Shekari ya ji a wani bidiyo cewa hatsin da ya yi tsiro ya fi gina jikin yaro. Ya jiƙa gero da dawa cikin baho, ya rufe da jiƙaƙƙun buhuna a bayan ɗakin girki. Bidiyon ya faɗi ranar da ake buɗewa, amma data ta ƙare masa kafin a zo wajen. Ya ce ai abu in yana da kyau, daɗewa ƙara masa kyau take yi. Damina ce, ga zafi ga laima. Hatsi ya tsira, ya wuce tsiro, ya fara kumfa, ya soma wani irin wari mai tsami da duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan burkutu ya san shi.

Ranar Asabar da hantsi Japheth yana zaune a ƙofar gida da wasu dattawan coci biyu suna shirya wa'azin kamun kai, sai ga Eric. Eric tsohon direba ne wanda hancinsa bai taɓa ɓatar da shi ba. Ya zo da 'yar ƙwaryarsa a hammata, ya durƙusa ya gaida dattawa cikin ladabi.

"Dattijo, ashe an fara. Allah ya sa albarka. Ni na ce tun da daɗewa unguwar nan tana buƙatar na kusa."

"An fara me?" in ji Japheth.

"Haba Dattijo, ni ne fa. Tun daga bakin kasuwa na biyo shi. Na dawa ne da gero, kuma hannun gwani ne."

Dattawan nan biyu suka ɗaga hanci, suka shaƙa, suka dubi juna. Ɗayansu ya rufe Littafi Mai Tsarki a hankali. Japheth ya shiga gida ba sallama, ya fito da Shekari riƙe da wuyan farar riga.

"Gaya musu mene ne wannan."

"Matakin narkar da sinadari ne. Jariri ba shi da haƙori, dole a fara tauna masa ta hanyar kimiyya."

"Allah ya ƙara ilimi," in ji Eric. "A ɗan zuba mini kimiyyar, ko rabin ƙwarya."

Baho da abin da ke ciki suka bar gidan a baro kafin azahar. Shekari ne ya tura, hadari ya tare shi a hanya, ruwa ya yi masa dukan ɓarawo. Ya dawo da mura wadda ta toshe masa hanci kamar an liƙa da siminti. Ya ce ba komai, ko a kamfani akan sami hatsarin aiki.

Saura kwana kaɗan taro, ya haƙura da tsiro. Ya haɗa soyayyen gero da dawa da wake da gyaɗa a buhu guda. Susanna ta ce ya kai injin bayan layi, inda take kai nata. Ya ce wannan injin ƙauye ne, kayan kamfani sai babban inji na kasuwar Sabon Gari. Ya saka farar riga da safar hannu da takunkumi, ya hau bas, fasinjoji suna matsa masa wuri don sun ɗauka cuta ce ta ɓulla.

A rumfar masu niƙa ya tarar da abin da ya ba shi haushi. Inji a kunne yana ruri, bakinsa babu komai, ga mata jere a benci da robobinsu na masara da gero a gabansu, ba wadda ta motsa. Ya girgiza kai. Lalacin ƙasar nan kenan, inji yana cin mai, mutane suna cin hira.

Abin da ya zaunar da matan daban ne. Wani mai tsire ne ya tashi yanzun nan da buhun yajinsa, barkono da citta da masoro, irin wanda ke sa ƙato hawaye. Duk macen da ke zuwa niƙa ta san ba a bin bayan yaji. Sai an zuba dusa ta wanke cikin inji, ko kuma a sami wanda ƙaddara ta aiko ya wanke shi da hatsinsa. Dusar mai inji ta ƙare, don haka ake zaune ana jiran ikon Allah. Ga hanci a toshe, ga takunkumi, Shekari bai ji komai ba.

Ya ratsa layi ya dire buhunsa. "Malam, zuba wannan. Na gaggawa ne."

Mai inji ya ɗaga murya saboda ƙara. "Oga, yanzun nan aka gama..."

"Na san yanzu aka gama. Shi ya sa na ce ka zuba kafin ya huce."

"Ina nufin abin da aka niƙa..."

"Malam, injin da na yi aiki da shi ya fi rumfar nan tsawo. Kada ka koya mini inji."

Wata matashiya a benci ta buɗe baki za ta yi magana, tsohuwar da ke kusa da ita ta taka mata ƙafa.

"Ke, bar shi. Ba ki ga rigarsa ba? Ɗana, me za a yi da garin?"

Ƙarar inji ta cinye rabin amsar, rabin da ya rage kuwa Turanci ne. Tsohuwa ta gyaɗa kai. "To ka ji. Zuba masa, manya ne."

Mai inji ya ɗaga kafaɗa ya zuba. Gari ya fito da ɗan ja-ja a jikinsa. Shekari ya duba, ya ce wa matan su lura da launin, alamar ƙarin jini ce. Ya sa aka maimaita niƙan don ya yi laushi, abin da ya kwashe sauran yajin da ya maƙale a lungunan inji tas. Yana ɗaure buhu matan suka miƙe gaba ɗaya suna rige-rigen layi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji tsohuwa. "Allah ya kawo mana irinka kullum."

"Ka taimaki al'umma," in ji wata.

Shekari ya fita yana jin kansa a sama. Tun kafin kaya su shiga kasuwa jama'a sun gane shi. A bas ɗin komawa wanda buhun ke kusa da ƙafarsa ya yi ta atishawa har kwanar Kwangila, Shekari ya ba shi shawara ya riƙa cin lemo.

A gida ya kulle kansa a ɗaki ya ƙulla garin a leda, ya liƙe bakin da kyandir, ya manna hoton jariri mai kumatu. Susanna ta ƙwanƙwasa.

"Kawo in ɗanɗana mana."

"Yaya, a kamfani ba a sa hannu a kaya. Wannan ɗabi'ar ce ta hana mu ci gaba."

"Kai ka ɗanɗana?"

"Wanda ya san lissafinsa ba ya buƙatar harshe."

Ranar taro mata suka cika ɗakin da ke gefen coci, kowa da zanen zumunta, masu goyo da goyonsu. An gama waƙa, an jingine tulunan kiɗa a jikin bango. Japheth ya zauna a bencin baya da mabuɗi a aljihu. Kusa da shi Ejiofor ne, haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi ta Shekari daɗin ji. Ya ce shi kallo kawai ya zo.

Uwar Zumunta, wata dattijuwa mai tabarau wadda ta yaye 'ya'ya da jikoki ba adadi, ta ba Shekari izini. Ya kafa risho a kan tebur, ya ɗora ruwa, ya fara jawabi. Ya yi bayanin ƙwaƙwalwar jariri. Ya ce yaron da ya sha garinsa zai yi tafiya kafin rarrafe. Ya ce shi bai zargi iyaye mata ba, jahilci ba laifin mutum ba ne.

Ruwa ya tafasa. Ya farke leda, ya dama, ya sheƙa ruwan zafi. Tururi ya tashi ya nufi layin gaba. Wata ta yi tari. Ta kusa da ita ta yi atishawa. Wani jariri da ke barci a baya ya farka ya duba duniya da mamaki.

"Ƙarfin sinadari ne," in ji Shekari ta cikin takunkumi. "Yaya, miƙo Diana."

Susanna ta miƙe da yarinya, Uwar Zumunta ta ɗaga hannu.

"Dakata, Maman Diana. Ɗana, a nan ba a sa wa yaro abu a baki sai babba ya fara kai shi nasa. Kuma mai abu shi ke farawa."

"Mama, wannan tsohon yayi ne."

"Mu ma tsofaffin yayi ne. Sha."

Shekari ya yi dariya, ya sauke takunkumi. Cokali ta miƙa masa, ya ce cokali na masu shakka ne. Ya cika kofi, ya hura, ya ɗaga wa jama'a su gani, ya kafa kai.

Kurɓin farko ya wuce kafin harshe ya kai rahoto. Na biyu ne ya tarar da gari ya tashi. Shekari ya tsaya cak da kofi a baki. Kunnuwansa suka yi zafi, hancin da ya yi kwanaki a toshe ya buɗe gaba ɗaya. Ya hango Japheth a baya, hannunsa a kan aljihun mabuɗi. Ya haɗiye.

"Yaya ka ji?" in ji Uwar Zumunta.

"Daidai," ya ce, da wata siririyar murya da ba tasa ba.

"To me ya kawo hawaye?"

"Farin ciki ne, Mama. An daɗe ana wahala."

"Gumin fa?"

"Yana buɗe jijiyoyi. Haka aka tsara shi."

Uwar Zumunta ta dangwali bakin tukunya da ɗan yatsa ta taɓa a harshe. Ta cire tabarau, ta goge ido da gefen zane, ta mayar. Sannan ta ɗauki ludayi ta sake cika masa kofi har baki.

"Tunda daidai ne, ƙara. Jaririnmu ba kofi ɗaya yake sha ba."

Shekari ya dubi kofi. A cikinsa ya ga shago da kanta da sunansa a allo, a bayansa kuma ya ga gonar Shika da ciyawa har ƙugu. Ya rufe ido ya ɗaga. Ya kai rabi leɓɓansa suka fara rawa. Tukunya ta zaga layin gaba, kowace mace tana dangwala tana miƙa wa ta gaba.

"Wannan ai yajin tsire ne."

"Har da masoro."

"Saura albasa da tumatir."

"Maman Diana, ƙanin naki jarirai zai ciyar ko gasa su zai yi?"

Susanna ta dangwala ita ma. Ta dubi Diana, ta dubi Shekari, ta juya yarinyar ta goya ta a baya ta ɗaure zane tamau, kamar mai tsoron a ƙwace.

Ejiofor ya ɗaga hannu daga baya. "Manaja, tambaya gare ni. In jariri ya sha, shi zai nemi ruwa da kansa, ko kamfani ke bayarwa?"

Shekari ya buɗe baki zai ba da amsa, iska ta shiga, wutar ta ninka. Ya yar da kofi ya zabura neman ruwa. Idonsa ya rufe da hawaye, ya hango tulu a jikin bango, ya rungume shi ya kafa baki. Tulun kiɗa ne, babu abin da ke ciki sai iska. Numfashinsa ya shiga ya fito da wani gunji mai zurfi, irin wanda ake buɗe waƙar shiga da shi. Wata tsohuwa da ke gyangyaɗi a lungu ta farka ta ja baitin farko, wasu suka amsa kafin dariya ta kwantar da su a kan benci.

Ya yi waje da farar rigarsa tana kaɗawa. A bakin famfon coci aka same shi, ya tura kai ƙarƙashin ruwa, harshe a waje. Masu wucewa a titi suka tsaya, masu keke suka rage gudu. Mata suka fito suka kewaye shi, kowa da shawararta: a ba shi manja, a ba shi sukari, a ba shi sauran kunun don dafi shi ke karya dafi.

Japheth ya iso a nitse, Ejiofor na biye da shi. Ya tsaya a kan ƙanin matarsa, ya ciro mabuɗi.

"Manaja, kafin in miƙa, ko kamfani yana da abin cewa?"

Shekari ya ɗago. Leɓɓansa sun kumbura sun yi kamar an soya su. Yana da bayani, cikakke kuwa, wanda ya haɗa da sakacin masu inji da hassadar matan kasuwa da halin ƙasar nan. Ya motsa baki, abin da ya fito bai wuce huci ba.

Japheth ya kasa kunne, ya jira har jiran ya yi yawa. Sannan ya juya wajen matan.

"Ku shaida, an ba shi dama bai yi jayayya ba."

Ya saka mabuɗin a tafin Ejiofor. Shekari yana kallo, ya mayar da kansa ƙarƙashin famfo.